Baƙuwar Kwamfuta Ta Ƙi Samun Adireshi: Fashin Baƙi Kan Matsalar DHCP a Netwok ɗin Gwaji

Wani ɗalibi mai shirin jarrabawar CCNA, ta ilimin netwok ta kamfanin Cisco, ya turo min hoton allon kwamfutarsa wajen ƙarfe sha ɗaya na dare. A cikin GNS3, manhajar da ake kwaikwayon netwok da ita a kwamfuta, ya jona rauta ɗaya, suwici ɗaya, da ƙaramar kwamfutar gwajin nan ta VPCS. Ya rubuta mata umarnin ip dhcp, ta mayar masa da harafin D sau uku, DDD, a ƙarƙashinsu kuma ga layin da ke cewa ba ta ga sabar DHCP ba, wato mai raba wa na'urori adireshi. A ƙasan hoton ya rubuta: "Malam, na cire GNS3 na sake sakawa har sau biyu, datata ta kusa ƙarewa, abin ya ƙi." Maganar datar nan ta tsaya min a rai, domin na san yadda ɗalibi ke tattala kuɗinta. Ya ƙone ta wajen sake sauke manhajar da lafiyarta lau, alhali bayanin ciwon yana rubuce a gabansa. D ukun nan labari ne, sai dai babu wanda ya koya masa karanta shi.

Duk na'urar da ta hau netwok tana buƙatar adireshin IP, da lambar da ke nuna iyakar unguwarta, da adireshin ƙofar fita zuwa sauran unguwanni, da na sabar DNS mai fassara sunaye. Kana iya rubuta su da hannu, amma idan na'urorin sun yi yawa aikin ya fi ƙarfin mutum. Shi ya sa aka samar da DHCP a 1993, aka gina shi a kan wani tsohon tsari mai suna BOOTP na 1985. Takardar ƙa'idarsa da ake aiki da ita har yau, RFC 2131, ta fito a 1997 daga hannun Ralph Droms na jami'ar Bucknell a Amurka. Daga BOOTP ya gaji tashoshin UDP biyu, 67 ta saba da 68 ta mai nema. Wannan gadon ne ma ya sa a tsofaffin sigogin Wireshark, manhajar leƙa saƙonnin da ke wucewa a netwok, sai ka rubuta bootp kafin ka tace saƙonninsa. Daga siga ta 3.0 aka koma rubuta dhcp.

Maganar da ke gudana tsakanin mai nema da saba jimla huɗu ce kacal. Na'ura ta farka ba ta da adireshi, ba ta san kowa ba, kamar baƙon da ya sauka a tasha cikin dare. Sai ta yi shela, daga 0.0.0.0 zuwa 255.255.255.255, wato ga duk mai ji: akwai mai ba ni masauki? Wannan shi ne Discover. Saba ta ji, ta yi tayi: ga adireshi kaza, na tsawon lokaci kaza. Shi ne Offer. Na'urar ta ce na karɓa, wato Request, kuma shi ma da shela take yinsa, don in akwai wata sabar da ita ma ta yi tayi ta ji cewa ba ita aka zaɓa ba, ta janye nata. Daga ƙarshe saba ta tabbatar da Ack. Farkon haruffan ne suka ba da DORA, kuma VPCS na buga kowane harafi a allo a daidai lokacin da matakinsa ya faru. Adireshin kuma haya ne, ba mallaka ba. Idan rabin wa'adi ya cika na'urar za ta koma wa sabar da ta ba ta don sabuntawa, in ta ji shiru har kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin ya shuɗe sai ta sake yin shela ga kowace saba.

To, DDD na nufin an yi kira sau uku babu amsa. A Windows alamar wannan ciwon ita ce adireshin da ya fara da 169.254. Mutane da yawa na ganinsa su ɗauka saba ce ta ba su adireshi marar kyau, alhali babu wanda ya ba su komai, kwamfutar ce ta gaji da jira ta laƙaba wa kanta. A Linux kuma in ka rubuta ip a za ka ga katin netwok ɗin babu layin inet na adireshin IPv4 a ƙarƙashinsa. Duk ukun abu ɗaya suke faɗa, kuma dalilinsa ba ya wuce ɗaya cikin uku: ko kiran bai isa wurin saba ba, ko ya isa ta yi shiru da gangan, ko ta amsa amsar ta ɓace a hanyar dawowa. Maganin kowane daban, kuma da hasashe ba za ka bambance su ba, sai ka leƙa cikin wayar.

A nan netwok ɗin gwaji ya fi na gaske sauƙi. A GNS3 ka danna dama a kan layin da ya haɗa na'urori biyu, ka zaɓi Start capture, Wireshark ya buɗe yana nuna maka duk abin da ke wucewa. Abin da na sa ɗalibin nan ya yi ke nan. A layin da ke tsakanin VPCS da suwici ya ga Discover uku. A layin da ke tsakanin suwici da rauta ma ya gan su. Kiran ya isa ƙofa ke nan, rauta ce ba ta tanka ba. Na ce ya duba show ip interface brief, domin kafofin rautar Cisco, wato wuraren da ake jona mata kebul, a kashe suke zuwa, sai an ba su no shutdown, kuma wannan mantuwar ta fi kowace yawa. Tasa a kunne take, da adireshin 192.168.10.1. Sai na ce ya turo min saitin rumbun adireshin. Ga abin da ya rubuta:

ip dhcp pool LAB
network 192.168.1.0 255.255.255.0
default-router 192.168.10.1

Sifili ɗaya ya faɗi. Rauta ba ta ɗebo adireshi daga duk rumbun da ta ga dama. Tana duba adireshin kafar da kiran ya shigo ta ciki, ta nemi rumbun da ya dace da wannan unguwar. Kiran ya shigo ta unguwar 10, rumbun kuma na unguwar 1 ne, sai ta yi gum. Ba ta buga ko layi ɗaya na ƙorafi a allo, sai in ka kunna debug ip dhcp server events ne za ta faɗa maka. Ya gyara layin, ya sake rubuta ip dhcp, ta buga DDORA da adireshin 192.168.10.2. Ya tambaye ni ko D biyun nan wata matsala ce. Ba matsala ba ce. Kafin rautar Cisco ta yi tayin adireshi tana aika masa ping, wato saƙon gwaji, sau biyu ta tabbatar babu mai zaune a kai, kuma a wannan ɗan jinkirin VPCS kan riga ta maimaita kira.

Tasa mai sauƙi ce, domin komai yana cikin GNS3. Inda gizo ke saƙa shi ne idan ka shigo da cikakkiyar baƙuwar kwamfuta, wato Windows ko Ubuntu ko Kali da ke gudana a cikin VirtualBox ko VMware a kan kwamfutarka mai masauki. Wayar da ta haɗa baƙuwar da duniya ba ta ganuwa, zaɓi ne a cikin saiti, kuma kusan kowane zaɓi yana zuwa da tasa sabar DHCP a ɓoye wadda ba kai ka kafa ba. Daga nan wani nau'in matsala ke fitowa: an sami adireshi, amma ba daga wanda kake jira ba.

Na saba cewa lambar da ka samu ita ke tona wanda ya bayar. In ka ga 10.0.2.15 da ƙofar fita 10.0.2.2, katinka yana kan NAT na VirtualBox ne, wato zaɓin da baƙuwa ke fita intanet a ɓoye bayan mai masauki, bai taɓa shiga zanenka na GNS3 ba. Kuma ko baƙi goma ka kunna a wannan yanayin kowacce 10.0.2.15 za ta samu, domin kowacce tana ɗakinta ita kaɗai, ba sa jin juna. Mai son su gaisa sai ya koma NAT Network, wanda zaɓi ne daban duk da kamannin suna. In ka ga 192.168.56.101 ko sama, Host-only ne, wato netwok ɗin da ke tsakanin baƙi da mai masauki kaɗai. In ka ga 192.168.122 da wani abu, na'urar NAT ta GNS3 ce, wadda wata ƙaramar saba mai suna dnsmasq ke raba wa adireshi a cikin GNS3 VM ko a kan Linux. Shi kuwa Internal Network na VirtualBox babu saba a cikinsa sam sai ka kafa da kanka, saboda haka 169.254 a can ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi. A VMware, VMnet8 shi ne NAT, VMnet1 shi ne Host-only, VMnet0 kuma gada ce (Bridged) zuwa katin gaske. A Windows akwai wata hidima mai suna VMware DHCP Service da ke ɗauke da na farkon biyun, in ta tsaya duk baƙin da ke kansu sun shiga duhu lokaci guda.

Wanda zai jawo baƙuwar VirtualBox cikin GNS3 ya kamata ya mayar da katunanta kan Not attached, ya bar GNS3 ya jona su da kansa, kuma daga cikin GNS3 zai kunna ta. Ya kuma duba ɗan akwatin Cable connected, domin cire masa alama daidai yake da zare waya daga jikin kwamfuta.

Maganar gada ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta fi shafarmu. Yawancin darussan da ake kallo an yi su ne a kan kwamfutar da ke jone da kebul. Mu kuwa mafi yawanmu da MiFi muke aiki ko mu raba intanet daga waya, wato ta Wi-Fi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Suwicin kebul yana karɓar saƙo daga kowace lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok, da ta ɓullo a kafarsa, ya koye ta ya ci gaba. Na'urar Wi-Fi kuwa da lambar MAC guda ta ƙulla yarjejeniya, ta katin kwamfutarka, kuma ba ta sauraron wata baƙuwar lamba da ta fito ta bayan wannan katin. VirtualBox na yin dabara, yana sauya lambar baƙuwar da ta mai masauki kafin saƙo ya fita, kuma sau da yawa hakan na yi wa baƙuwa ɗaya aiki. Amma in ka ɗauki na'urar Cloud ta GNS3 ka jona ta da katin Wi-Fi, ka sa rauta a bayanta da ip address dhcp, galibi za ka yi ta jira ne a banza. Na ga mutane sun kwana suna gyara saitin rauta a kan wannan, alhali saitinsu daidai yake. Shawarata kullum ita ce, in buƙatarka kawai lab ya fita intanet, yi amfani da na'urar NAT ka huta. Gada sai in akwai dalilin da ya wajabta ta, kuma a kan kebul.

Ɗan'uwan wannan ciwon yana bayyana idan aka yi goyo a kan goyo, wato GNS3 VM ko takwararsa EVE-NG suna gudana a matsayin baƙi, su ma kuma suna ɗauke da nasu baƙin. Amsar saba tana dawowa ne da sunan lambar MAC ta jikar da ke can ciki, manhajar waje kuma lambar 'yarta kaɗai ta sani, sai ta yar da saƙon. Alamarsa a bayyane take ga mai leƙa waya: a katin waje za ka ga Discover da Offer, a layin ciki kuwa Discover kaɗai ke maimaituwa. A VirtualBox maganinsa mayar da Promiscuous Mode kan Allow All. A ESXi na VMware kuma sai an yarje wa suwicinsa abubuwa uku: Promiscuous mode, MAC address changes da Forged transmits.

Idan zanen ya girma aka raba shi VLAN-VLAN, wato unguwanni daban-daban a cikin suwici, sai a ci karo da dokar da ba ta da makawa: shela ba ta tsallake rauta. In saba na wata unguwa mai nema na wata, dole a sami ɗan aike, kuma shi ne aikin ip helper-address. Ana rubuta shi a kafar da ke fuskantar masu nema, ba wadda ke fuskantar saba ba, kuma wannan juyin na kayar da mutane da yawa. Rauta za ta ɗauki shelar, ta rubuta adireshin kafarta a wani gurbi mai suna giaddr, ta aika wa saba kai tsaye. Da wannan gurbin saba ke gane unguwar da za ta ɗebo wa adireshi, kuma gare shi take mayar da amsa. Ga abin da ake mantawa: dole saba ta san hanyar komawa wannan unguwar. Ka ga Discover ya isa, ka buɗe saba ka ga har ta ware adireshi, amma Offer bai dawo ba, to nemi hanyar komowa a teburin hanyoyin sabar ko na rautar da ke tsakani. Kafin duk wannan ma ka tabbatar kafar suwicin tana VLAN ɗin da kake zato, kuma babban layin trunk, mai ɗaukar VLAN da yawa, ya yarje masa wucewa.

Akwai kuma shirun da na ɗan lokaci ne. Suwicin Cisco mai tsohon tsarin Spanning Tree yana riƙe sabuwar kafa daƙiƙa 15 yana saurare, wasu 15 yana koyo, kafin ya bar komai ya wuce. VPCS ba ta da haƙurin daƙiƙa 30, ta gama D ɗinta uku ta haƙura. Jira kaɗan ka maimaita, ko ka sa spanning-tree portfast a kafofin da kwamfutoci ke jone. Mai gwada DHCP snooping, tsarin da suwici ke toshe sabar da ba a amince da ita ba, kuma ya tuna abu biyu: kafar da ke zuwa wurin saba sai an ce an amince da ita, sannan suwicin na cusa bayanin Option 82 a cikin saƙo alhali giaddr na nan 0.0.0.0, sabar Cisco kuwa in ta ga haka watsar da saƙon take yi. Umarnin no ip dhcp snooping information option a kan suwicin yana raba gardamar.

Wani lokacin kuma babu ko D ɗaya a kan waya, baƙuwar ce ba ta yi kira ba. Ubuntu Server na rubuta sunan katin da ya tarar lokacin da aka ɗora shi a cikin fayil ɗin netplan, inda saitin netwok ɗinsa yake. In an ɗora shi a VirtualBox sunan enp0s3 ne, a VMware galibi ens33, in ka mayar da shi kan QEMU a GNS3 yana iya zama ens3. Fayil ɗin na kiran katin da babu shi, katin da ke nan kuma ba wanda ya ce masa ya nemi adireshi. Kwantenan Docker a GNS3 ma haka suke zuwa, layukan DHCP ɗinsu na nan da alamar # a gabansu sai ka cire.

Sai matsalar tagwaye, wadda ta fi duka rikitarwa. Ka shirya baƙuwa ɗaya ka kwafe ta gida uku don ka huta da sake ɗorawa, sai ka ga duka ukun da adireshi ɗaya, ping na zuwa yana yankewa. Abu na farko lambar MAC ce. VirtualBox na tambayarka lokacin kwafi ko ya ƙirƙiri sababbi, ka ce masa e ga duk katunan. Amma a Ubuntu na zamani za ka iya sauya MAC ka ga abin bai gyaru ba. Dalili shi ne systemd-networkd, mai kula da netwok a cikinsa, ba da MAC yake gabatar da kansa ga saba ba, da wata shaida ce da yake samarwa daga fayil ɗin /etc/machine-id, kuma kwafi ya kwafe har da shi. A idon saba mutum ɗaya ne ke dawowa sau uku, sai ta yi ta miƙa masa ɗakinsa na jiya. Ko dai ka share abin da ke cikin fayil ɗin kafin ka yi kwafi don kowacce ta ƙirƙiri nata in ta tashi, ko ka ƙara layin dhcp-identifier: mac a netplan.

Rumbu ma na ƙarewa a lab fiye da yadda ake zato. Duk na'urar da ka goge ka sake jawo wata tana iya zuwa da sabuwar lamba, hayar tsohuwar kuma na nan har wa'adinta ya cika, wanda a rautar Cisco kwana ɗaya ne in ba ka sauya ba. Adireshin da ta taɓa samu da rikici kuwa ajiye shi take a gefe har sai ka share da hannu. Da show ip dhcp binding da show ip dhcp conflict za ka ga inda suka tafi.

Duk waɗannan ɓata lokaci ne kawai, amma akwai guda da ke taɓa mutanen da ba ruwansu. A wani wurin da na taɓa aiki, wani abokin aikinmu ya kafa Windows Server a cikin VMware yana koyon DHCP, ya bar katinta a kan gada, kwamfutarsa kuma na jone da kebul ɗin ofis. Da safe mutane suka fara kawo kuka ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce firinta ta ɓace mata, wancan ya ce intanet ɗinsa ya ɗauke, na kusa da shi kuwa lafiya lau yake aiki. Na'ura takan karɓi tayin da ya riga isowa ne, saboda haka duk wanda sabar gwajin ta riga ta ofis amsa masa ya tafi da adireshin wata unguwa da ƙofar fitar da babu ita. Na zauna a teburin wata ma'aikaciya na rubuta ipconfig /all, na gangara zuwa layin DHCP Server, na ga adireshin da ba namu ba. Na nemi lambar MAC ɗinsa na ga ta fara da 00:0C:29, wadda ta VMware ce, kamar yadda 08:00:27 take ta VirtualBox. Teburin lambobi na suwici ya nuna kafar da take, kebul ɗin kuma ya kai mu teburinsa. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, domin bai taɓa tunanin abin da ke cikin tagar kwamfutarsa zai iya fita waje ba. Muka mayar da katin kan wani VMnet na kansa wanda aka kashe wa sabar VMware, don sabarsa ta zama ita kaɗai ke amsawa a ciki. Kashe sabar bai wadatar ba, domin hayar Windows Server kwana takwas ce in ba a taɓa ta ba, kuma waɗanda suka karɓa za su ci gaba da riƙe ta. Sai da muka bi tebur-tebur muna rubuta ipconfig /release da ipconfig /renew, ba mu gama ba sai bayan azahar.